Ƙafa ko filta: wanne zan fara saya don hoton teku da magriba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Agege, ina ɗaukar hoton biki da suna da wata Canon tokumbo mai lens 18-55. Hotunan nan na bakin teku da ruwa ke fitowa kamar hayaƙi suna burge ni. Wani ya ce filta ce sirrin, wani ya ce sai da ƙafar kyamara. Kuɗina abu ɗaya za su iya saya. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sayi ƙafa, mai ƙafa ukun nan. Filta ta jira.

Irin wannan hoto ana yin sa ne da barin idon kyamara a buɗe na daƙiƙa biyar, goma, har talatin. A tsawon lokacin duk abin da ke motsi sai ya narke ya yi laushi, abin da ke tsaye kuma, dutse ko turke ko jirgin da aka ɗaure, ya fito tsaf. To hannun ɗan Adam ba ya iya riƙe kyamara ko daƙiƙa ɗaya ba tare da rawa ba, ko da ka ɗauke numfashi. In kyamara ta motsa, dutsen ma ya narke, hoto ya tashi a tutar babu.

Ita kuwa filta, baƙin gilashi ne da ake ɗaurawa a bakin lens don ya rage haske. Da magriba ai Allah ya rage maka hasken kyauta. Ka sa ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100, ƙofar haske a f/11, ka jira rana ta faɗi. Bayan kamar minti goma sha biyar za ka ga kyamara na neman daƙiƙa ɗaya ko biyu, kafin duhu ya rufe kuma ta kai ashirin zuwa talatin, babu ko filta.

Sai dai lokacin ɗan ƙanƙani ne. A Legas rana na faɗuwa tsakanin wajen shida da rabi zuwa bakwai, gwargwadon wata, kuma hasken da ke biyo baya bai fi minti ashirin da 'yan kai ba. A Landan cikin watan Yuni yakan wuce minti arba'in, shi ya sa masu koyarwa a YouTube ke sauya lens suna hira hankali kwance. Kai ba ka da wannan sararin. Ga kuma sallar magriba da ta faɗo a tsakiyar lokacin. Ni abin da nake yi, nakan je da alwala da darduma, in kafa ƙafa, in daidaita komai tun rana na sama, in bar abokin tafiya ya tsare kaya. Raka'a uku ba sa cinye hasken, kuma sau da yawa shuɗin da ya fi kyau sai an sallame yake fitowa.

Wace irin ƙafa? A nan ne mutane ke cutar kansu. Na taɓa sayen wata ta roba, sakayau, wadda ake bayarwa kamar gyara. Na kafa ta a Tarkwa Bay, kusa da dogon jerin duwatsun da ke tare igiyar ruwa a mashigar tashar jiragen ruwa. Igiya ta zo ta wanke yashin da ke ƙarƙashin ƙafa ɗaya, ina kallo kyamara ta fara sunkuyawa a hankali kamar mai gyangyaɗi. Da kyar na cafe igiyar wuyanta. Hotuna goma sha wani abu na ɗauka ran nan, ko ɗaya bai yi ba. Araha ba ta ado.

In ka je Computer Village a Ikeja, kada ka saya a cikin kwali. Ka sa a fito da ita, ka ware ƙafafun gaba ɗaya, ka dafa samanta ka ɗan murɗa. In ta yi lilo a cikin shago, a iskar teku sai abin da ya ƙaru. Ka duba makullan ƙafa, su kama gam. Ka duba ko akwai ƙugiya a ƙasan sandar tsakiya, inda za ka rataya jakarka don ƙarin nauyi. Tsohuwar ƙafa ta alminiyam ƙirar kamfanin Manfrotto, ko da ta sha jiki, ta fi min sabuwa mara suna mai walƙiya. Ta kabon ta fi sauƙin ɗauka, amma kuɗinta na masu hawa tsauni ne. A bakin ruwa ka danna ƙafafun su nutse sosai cikin jiƙaƙƙen yashi, ko ka sa tsofaffin faifan CD a ƙarƙashi, kuma kada ka ɗaga sandar tsakiya. Kana komawa gida ka wanke ta da ruwan famfo, domin gishiri da yashi ke kashe ƙafa tun ba ta tsufa ba.

Rimot, na danna kyamara ba tare da taɓa ta ba, kada ka saya tukuna. Sa kyamara ta jira daƙiƙa biyu bayan ka danna, ya wadatar. Sai ran da kake son wuce daƙiƙa 30, inda yawancin kyamarori ke tsayawa, za ka buƙace shi. Ka kashe maɓallin hana rawa da ke jikin lens, ka saita fokas tun da haske ka mai da shi na hannu, don da duhu kyamara laluben banza take yi.

Randa kuɗin filta suka samu, ka fara da wadda aka rubuta wa ND64; lambar ce ke nuna yawan duhunta. Tana ninka lokaci sau 64, wato abin da kyamara za ta ɗauka a 1/15 na daƙiƙa ya koma wajen daƙiƙa huɗu, daidai da lokacin da rana ke dab da faɗuwa. ND1000 da kowa ke yabo ta rana tsaka ce: in ka ɗaura ta bayan magriba, daƙiƙa ɗaya ta zama minti 17, haske ya ƙare kana tsaye. Bakin lens ɗinka 58mm ne, an rubuta a jikin murfin, filta mai wannan girman za ka nema.

Wani abu kuma: gaɓar Legas kudu take kallo, don haka rana ba a gabanka za ta faɗa ruwa ba, a damanka ne, ta bin gaɓa. Ka karkata yamma. In hazon hunturu ya sauka a Disamba da Janairu, ja da ruwan gwal na sama kan dushe, sai ka mai da hankali kan duwatsu da kumfa. Kuma kada ka juya wa wannan teku baya, tana jan mutum.

Tambaya: Daga Nima nake, a Ankara ta Gana. Waya kawai gare ni, ina zuwa Labadi da yamma. Sai na sayi kyamara?

Amsa: A'a, ƙanwata, ki riƙe kuɗinki. In iPhone ce, tun 2017 akwai hanyar mai da hoto mai motsi na Live Photo ya zama na dogon buɗi. Wajen daƙiƙa uku yake haɗawa, ya isa ya sa igiya ta yi laushi, ko da bai kai hayaƙi ba. In Android ce, ki duba sashen Pro a kyamarar wayar, da yawa suna barin ki zaɓi daƙiƙoƙi da kanki. Abin saye shi ne ƙaramar ƙafa da maƙalin waya, sai ƙyalle mai laushi, don feshin gishiri na rufe gilashi cikin 'yan mintoci, ki yi ta zargin wayar. Ki gwada ɓangaren Jamestown ma, inda hasumiyar fitila da kwale-kwalen masunta za su ba ki abin da zai tsaya cak a cikin hoton. Ki nemi izininsu kafin ki ɗauka.

Tambaya: Ni a Kano nake, ba mu da teku. An kawo min filta mai juyawa, wadda ake ƙara mata duhu ko a rage. In saya?

Amsa: Malam, in bidiyo kake yi, saya. In wannan hoton ne, a'a. Masu arahar cikinsu, da ka murɗa su zuwa ƙarshe, sai wani baƙin gicciye ya bayyana a tsakiyar hoto, musamman in lens na buɗe da faɗi. Guda ɗaya mai tsayayyen duhu ta fi.

Batun teku kuma, ruwa mai motsi kake nema. Dam ɗin Tiga na kusa da kai, in iska ta kaɗa shi da yamma daƙiƙa ashirin za su shafe shi ya zama kamar faranti. In ka samu hanya bayan damina, ka gangara Matsirga kusa da Kafanchan, ko Gurara a jihar Neja. Can ruwan da gudu yake zubowa, rabin daƙiƙa ma ya isa.