Tayoyin Gaba Na Cinyewa Gefe Ɗaya: Alaimen Ne Ko Kayan Ƙafa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tayoyin gaban motata suna cinyewa ta gefen ciki har waya ta kusa leƙowa, alhali gefen waje da sauran zane. Na sa sababbi, an yi mini alaimen, amma bayan 'yan watanni abin ya dawo. Kuma idan na faɗa rami ina jin ƙara daga ƙasa. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙarar nan da cinyewar taya, da alama tushensu ɗaya ne. Alaimen saitin tsayuwar tayoyi ne kawai, kuma saiti ba ya zama a kan ƙafar da ke rawa. Idan bol join (gaɓar da ƙafar taya ke juyawa a kanta), tayrod (sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya) ko bushin (robar da ke mahaɗar ƙarafan ƙafa) ya mutu, na'ura za ta nuna komai daidai a tsaye, amma da mota ta hau titi taya za ta koma inda ta ga dama.

Fara da karanta tayar. Gefe biyu sun cinye, tsakiya na nan: iska ta yi kaɗan. Tsakiya kaɗai ta cinye: iska ta yi yawa. Waɗannan ba ruwansu da kayan ƙafa. A gwada iska da safe kafin taya ta yi zafi, a bi adadin da ke takardar jikin ƙofar direba. Wanda ke rubuce a jikin taya iyakar abin da take ɗauka ne.

Gefe ɗaya kuwa, irin naka, abu biyu ke kawo shi. Ko dai taya ta kwanta, samanta ya karkata ciki, nauyi ya taru a gefe guda. Ko kuma bakin tayoyin ya buɗe waje maimakon su fuskanci gaba sak. Shafa tafin hannunka a kan zanen daga waje zuwa ciki, sannan ka dawo. Idan ta ɓangare ɗaya sumul ne, ta ɗayan kuma kana jin kaifi kamar haƙoran zarto, bakin tayoyin ne ya kauce. Wannan ya fi komai saurin cin taya: karkacewar rabin digiri kaɗai tana nufin ana jan tayar a kaikaice kusan mita 9 a kowace kilomita. Idan gefen ya cinye sumul ba kaifi, kwanciya ce, sai a nemi sifirin da ya zauna, ƙarfe da ya lanƙwashe, ko bushin da ya fashe. A motoci da yawa ba a saita wannan kwanciyar da sifana, sai an canza abin da ya lalace.

Ga gwajin da ya kamata bakanike ya yi a gabanka. A ɗaga motar, a tokare ta da madogarin ƙarfe, kada a dogara da jak shi kaɗai. A kama tayar ta dama da hagu a girgiza: idan akwai wasa, tayrod ne ko hannun rak na ciki (wanda ya haɗa tayrod da akwatin sitiyari), kuma wanda ya ɗora hannu a kan haɗin zai ji inda yake bugawa. Sai a kama sama da ƙasa a girgiza. Idan ta yi wasa, wani ya taka birki a sake gwadawa: in wasan ya ɓace, boris ɗin da taya ke juyawa a kansa ne, in yana nan, bol join ne ko bushin. Daga nan a sa dogon ƙarfe a ɗan banƙare lowa am, wato hannun ƙarfe na ƙasa da ke haɗa taya da jikin mota, a dubi bushin. Tsagewar sama-sama ba komai, amma robar da ta rabu da ƙarfenta ta gama aiki. Duk bol join da robarsa ta yage, giris ya fita, ƙasa ta shiga, kwanansa ya ƙare ko da bai fara wasa ba.

Kada ka yi sakaci da bol join. Idan ya fita ana tafiya, taya tana kifewa ƙarƙashin mota, sitiyari ya daina aiki nan take.

Tambaya: Bakanikena ya ce shokazoba ta dama da bushin ɗin lowa am sun mutu. Zan iya canza gefe ɗaya kawai? Kuma me zan lura da shi wajen aikin? Daga wata mai karatu.

Amsa: Hajiya, shokazoba bibbiyu ake canzawa, dama da hagu. Sabuwa da tsohuwa ba sa danne taya da ƙarfi ɗaya, kuma za ki ji bambancin wajen birki da shan kwana. Alamar mutuwarta a taya ita ce cinyewa wuri-wuri, tudu da kwari kewaye da zanen, domin tayar tana tsalle a kan titi. Rashin balansin, wato daidaita nauyin taya, ma yana kawo irin wannan. Ɗan danshi a jikin shokazoba ba laifi, amma mai da ke gangarowa har ƙasa shaida ce. Tunda za a kwance, a duba kan shokazoba na sama da boris ɗinsa, da robar da ke kare sandarta daga ƙura. Sifirin kuma a matse shi da abin matsewa kafin a kwance notin sama. A danne yake da ƙarfi sosai, idan ya kuɓuce yana iya raunata mutum.

Bushin ma gara a yi gefe biyu, tunda tare suka tsufa. Idan bol join ɗin a manne yake da lowa am, sayen hannun gaba ɗaya ya fi, domin bushin da aka dokar da guduma yakan shiga a karkace. Abin da aka fi kuskurewa shi ne ɗaurin ƙarshe. Bakanike ya kama notin bushin sama-sama, ya sauke motar nauyinta ya hau tayoyi, sannan ya ɗaure tam. Idan aka ɗaure ƙafa na reto, da an sauke mota robar za ta zauna a murɗe, ta tsage tun tana sabuwa. Ki tsaya a kan wannan ko da an ce miki ɓata lokaci ne.

In aikin ya kai ga tayrod, a ƙirga zagayen da tsohon ya yi wajen fita, a mayar da sabon da adadin nan, don motar ta iya kai kanta wurin alaimen. A sa sabon noti ko sabuwar ƙusar makulli, kada a doki zaren da guduma, kuma kowane noti a ɗaure shi gwargwadon ƙarfin da littafin motar ya faɗa.

Tsarin aikin shi ne kayan ƙafa da farko, sai tayoyi da iskarsu, alaimen a ƙarshe, a ranar. Ki nemi a nuna miki lambobin kafin saiti da bayansa, ki tabbatar sitiyari ya tsaya tsakiya a miƙaƙƙiyar hanya.

Tambaya: Bayan gyara, tayar da ta riga ta cinye gefe za ta daidaita?

Amsa: A'a, robar da ta tafi ba ta dawowa. Ana auna taya ne a wurin da ta fi cinyewa. Idan zanen ya kai milimita 1.6, wato ya yi daidai da 'yan tudun da ke cikin kwarin zanen, ko waya ta fito, a cire ta. Mai sauran zane za ta ci gaba da aiki, sai a riƙa musanya na gaba da na baya duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, a kuma murɗa sitiyari har ƙarshe sau ɗaya a wata a leƙa gefen ciki, tunda ba ya ganuwa daga tsaye.