Tankar shimfiɗa gada ba ta babban kogi ba ce

Ka tambaya ko tankar nan mai goyon gada za ta iya tsallakar da sojoji babban kogi. A'a, ba aikinta ba ne. Ta Amurka, M60 AVLB, gadarta wajen mita 18 ce kacal. Tana buɗe ta kamar almakashi cikin 'yan mintuna, mutum biyun da ke ciki ko fitowa ba sa yi. Rafi, kwazazzabo da ramin da ake haƙawa don hana tankoki wucewa, nan take da amfani.

Ko a ƙaramin rafin ma, gaɓa ce abin dubawa. In ƙasar ta jiƙe, tanka mai nauyi na hawa sai bakin gadar ya lume cikin laka ya karkace. Shi ya sa injiniyoyi ke fara zuwa su duba taurin gaɓar kafin a turo tankar mai goyon gadar.