Shin maganin hawan jinina yana rage min iska?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Wata takwas ke nan ina shan haidiralazin saboda hawan jini. Ɗana da ke karatun aikin jinya ya ce min maganin yana sa ƙwayoyin jiki su zaci iskar oksijin ta ƙare. Ni kuwa tun da na fara sha, wani lokaci gabana ya riƙa bugawa da sauri, kai ya sara. Ko shaƙe ni yake yi a hankali?
Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, maganin ba ya rage miki iska. Ɗanki bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya kawo miki.

Kusan kowace ƙwayar jiki tana ƙera wani furotin da ake kira HIF, dare da rana, kuma da zarar ta ƙera sai ta lalata shi cikin 'yan mintoci. Da na fara karanta wannan na ce ai ɓarna ce, ashe dabara ce. Masu yi wa HIF tambarin halaka wasu sinadarai ne da ba sa iya aiki sai da oksijin da kuma sinadarin ƙarfe. Idan oksijin ya yi ƙasa, hannunsu ya mutu, HIF ya taru, ya shiga cibiyar ƙwayar ya ba da umarni: ƙoda ta ƙara fitar da wani sinadari mai suna EPO don ɓargo ya yawaita jajayen ƙwayoyin jini, a tsiro da sababbin ƙananan jijiyoyin jini, a koma ƙona sukari ta hanyar da ba ta buƙatar iska sosai. Gano wannan tsari ne ya sa aka ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza lambar yabo ta Nobel a 2019.

To, a 2004 wasu masu bincike a Oksfod ta Ingila suka nuna cewa haidiralazin yana dakushe waɗancan sinadarai masu buga tambari. Sai HIF ya taru alhali iska na nan a wadace. Kamar a taɓa ƙararrawar gobara ne ba tare da an kunna wuta ba. Binciken kuma a kan ƙwayoyin da aka raina a ɗakin gwaji da dabbobi aka yi shi. Likitoci ma da gangan suke taɓa wannan ƙararrawa yanzu: maganin roksadustat, wanda ƙasar Sin ta amince da shi a 2018, haka yake yi don masu ciwon ƙoda su samu ƙarin jini.

Bugun gaba da saran kai kuwa dalilinsu daban. Maganin yana sakin naman da ke zagaye da ƙananan jijiyoyin jini, su buɗe, ƙarfin jinin ya sauka. Jiki ya ji saukar, sai ya zaburar da zuciya ta ƙara gudu. Jijiyoyin kai ma sun buɗe, shi ne ciwon kan. An san haidiralazin da wannan hali tun shekarun 1950, shi ya sa ake yawan haɗa shi da maganin da ke rage gudun zuciya. Ki gaya wa likitanki, gyara ne mai sauƙi. Idan kuma gaɓoɓi suka fara ciwo da zazzaɓi ko ƙuraje, kada ki jira ranar komawa asibiti, domin a wasu mutane, musamman masu shan fiye da miligiram 200 a rana, yana jawo wani ciwo mai kama da lufus, wato ciwon da garkuwar jiki ke juyawa ta yaƙi jikin mai ita.

Inda ni nake sa ido sosai shi ne huhu, don shi jijiyoyinsa a juye suke aiki. A sauran jiki, ƙarancin iska buɗe jijiya yake yi. A huhu tsuke ta yake, yadda jini zai kauce wa sashen da iska ba ta shiga ya nufi sashen da ke numfashi. Tun 1946 wasu masu bincike biyu, von Euler da Liljestrand, suka bayyana haka. Magani mai buɗe jijiya, irin su nifedifin, yana iya sassauta wannan tsukewar, jini ya bi ta wurin da ba zai ɗebi iska ba. Ga mai lafiyayyen huhu ba a ma lura, amma ga mai tsohon ciwon huhu ko namoniya mai tsanani, awon oksijin na iya sauka. Abin mamaki, wannan sassautawar ce kuma ke ceton masu hawa dogayen duwatsu idan ruwa ya taru musu a huhu.

Saboda haka idan kina da ciwon huhu ko numfashinki na yankewa, ki faɗa a asibiti, a maƙala miki 'yar na'urar nan ta yatsa mai auna oksijin a jini. Ga mai lafiya awon yakan tsaya tsakanin kashi 95 da 100 cikin ɗari. Ɗanki ma zai iya duba miki, tunda shi ya tayar da zancen. Maganin dai ki ci gaba da sha yadda aka rubuta har ki ga likitanki.