Shutdown, restrict ko protect: wanne ya dace da ɗakin kwamfuta?

Ɗan'uwa, ka ce kai ke kula da na'urar switch ta Cisco (mai haɗa kwamfutoci wuri guda) ta wata makaranta a nan Sakkwato, ɗalibai suna zare kebul daga kwamfutocin makaranta suna jona nasu, kana son sanin wanne za ka sa cikin matakai uku na port security, wato tsarin da ke hana baƙuwar kwamfuta shiga ta tasha (ramin da ake jona kebul a jikin na'urar).

A wannan ɗakin, restrict nake ba ka shawara. Da zarar kwamfutar da adireshin MAC ɗinta (lambar shaidar katin sadarwarta) ba ya cikin waɗanda aka amince da su ta shigo, na'urar za ta zubar da saƙonninta, ta ƙara ɗaya a ƙidayar saɓa doka, ta aika rahoto ta syslog da SNMP (hanyoyin da na'ura ke sanar da mai kula da ita). Tashar kuwa tana nan a buɗe, da an mayar da kebul wurinsa aiki ya ci gaba. Buga umarnin show port-security interface tare da sunan tashar ka ga ƙidayar da adireshin ƙarshe da ya taɓa tashar.

Shutdown shi ke aiki idan ba ka canza komai ba. Yana rufe tashar ɗungurungum, ta koma err-disabled (rufewa saboda saɓa doka), sai ka buga umarnin shutdown sannan no shutdown kafin ta sake buɗewa. Ka bar shi ga ofishin kuɗi da inda ake ajiye sakamakon jarrabawa. In ba kullum kake kusa ba, umarnin errdisable recovery cause psecure-violation zai buɗe ta bayan daƙiƙa 300.

Protect kam ba na sonsa, domin shiru yake zubar da saƙo, ba rahoto, ba ƙidaya.

Ka kuma lura, adireshi ɗaya tak tasha ke karɓa tun asali. Inda akwai wayar IP (tarho mai aiki ta kebul ɗin kwamfuta) da kwamfuta a bayanta, sai ka ɗaga maximum, wato yawan adireshin da tasha ke karɓa, zuwa 2 aƙalla.