Shin Dorea Black ce kakar Harry Potter?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na ga sunan wata Dorea Black a salsalar gidan Black, an nuna cewa ta auri wani Charlus Potter har sun haifi ɗa guda. Ƙawata ta dage cewa su ne iyayen James Potter, wato kakannin Harry. Ina gaskiyar maganar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba ƙawarki kaɗai ta yi wannan zato ba, domin masu bin labarin sun shafe shekara tara suna kansa, amma Dorea ba kakar Harry ba ce.

Asalin ruɗanin yana komawa ne ga shekarar 2006, lokacin da marubuciyar, J.K. Rowling, ta zana salsalar gidan Black da hannunta domin a yi gwanjonta a tallafa wa ƙungiyar Book Aid International. A wannan takarda ne sunan Dorea ya fito, ba a cikin littattafan Harry Potter guda bakwai ba. An rubuta cewa an haife ta a 1920, ta rasu a 1977, kuma ɗiya ce ga Cygnus Black da Violetta Bulstrode. Yayanta Pollux shi ne mahaifin Walburga, mahaifiyar Sirius Black, aminin James, saboda haka Dorea gwaggon Walburga ce. Da mutane suka ga sunan Potter a gefen nata, ga kuma alamar ɗa namiji guda, alhali an san James shi kaɗai ne wurin iyayensa, sai suka yanke hukunci.

A shekarar 2015 marubuciyar ta wallafa tarihin gidan Potter a shafin Pottermore, inda ta bayyana cewa iyayen James su ne Fleamont da Euphemia Potter. Fleamont ne ya ƙirƙiro wani man gyaran gashi da ya ninka dukiyar gidan sau huɗu, kuma sai da suka fid da rai da haihuwa sannan suka sami James a 1960.

Ko da babu wannan bayani, ni a ganina salsalar kanta ta isa ta warware maganar, kuma nan ne nake so ki tsaya ki duba da kyau. A littafi na biyar, wanda ya fito a 2003, Sirius ya tsaya da Harry gaban tsohon ƙyallen da ke rataye a bangon gidansu, wanda aka saƙa sunayen zuriyar a jikinsa da zaren zinariya, ya nuna masa wani ɗan ƙonannen rami kamar ƙunar taba sigari a inda sunan shi Sirius ɗin yake a da. Mahaifiyarsa ce ta ƙone shi bayan ya gudu daga gida yana da shekara 16, kuma gidan iyayen James ya nufa, suka riƙe shi tamkar ɗan cikinsu. Kawunsa Alphard ma an shafe sunansa saboda kawai ya bar wa Sirius gadon kuɗi. To, in da Dorea ce mahaifiyar James, matar da ba ta yafe wa ɗan'uwanta wannan ba, ta yaya za ta ƙyale gwaggon da ta buɗe wa yaron ƙofa, ta ba shi ci da sha da wurin kwana? Amma a salsalar da marubuciyar ta zana, ga sunan Dorea nan daram, wuta ba ta taɓa shi ba.

Shekarun ma ba su daidaita ba. Dorea ta rasu a 1977, James yana makaranta, alhali Fleamont da Euphemia sun rayu har sun ga aurensa da Lily bayan ya kammala a 1978, sannan wata cutar masu sihiri da ake kira dragon pox ta ɗauke su kwanaki kaɗan tsakani, kafin haihuwar Harry a 1980.

Abin da sunan Dorea ke nuna mana shi ne cewa a zamaninta gidan Black suna ganin Charlus Potter a matsayin wanda ya cancanci auren ɗiyarsu. Ki kwatanta da Cedrella, ɗiyar baffanta, wadda aka ƙone sunanta don ta auri Septimus Weasley, wanda gidan Black suke ƙyama, ko ɗan'uwan Dorea ɗin, Marius, wanda aka shafe don kawai an haife shi ba shi da baiwar sihiri.