Gatarin da ke bayan ƙyaure

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai ka tsinci gatarin marigayi kakanku a bayan ƙyaure ya dakushe, kana so ka kai wa masu injin wasa wuƙa, kuma kana tambaya ko da gaske ne ba a faskare bayan magariba. Na yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya, don na san hannunka bai taɓa riƙe ƙota ba. Ku 'yan gas ne.

Kar ka kai shi inji. Injin kan ɗumama bakin ƙarfe har ya yi laushi, ga shi yana cinye shi. Baffanmu yakan ce gatari ba aska ba ne, nauyinsa ke tsaga ice. In ka siranta bakin, zai riƙa maƙalewa a gungume, ko ya yi giɓi.

Da aka zo bikin gwaggonku a gidanmu na gindin Dala, lokacin hunturu, jakuna suka sauke marke da ƙirya a ƙofar gida. Aka kira wani ɗan cirani mai faskare. Mu yara muka kewaye shi, mun ƙosa mu ga sara, shi kuwa ya nemi ruwa a ƙwarya. Ya tsoma kan ƙotar don icen ya kumbura ya riƙe ƙarfen, ya jiƙa dutsen washi, ya zauna yana goga bakin a hankali, wannan gefe, wancan gefe, yana tattaɓawa da babban yatsa. Inna tana ta aiko da cewa tukwane na jira, ko ɗagowa bai yi ba. Da ya miƙe sai ya juya gungumen yana neman inda ya riga ya tsage, ya kauce wa ƙulli. Ƙirya fa, wadda maƙera ke yin gawayi da ita saboda taurinta, sai ga ta tana darewa. 'Yan siraran na hura wuta kuma bai riƙe su da yatsa ba, da wani ice yake dannewa sannan ya sara. Kafin azahar tsakar gida ta cika.

Yanzu kuwa yaro ya ga wuta ta ƙi kamawa sai ya tura leda a murhu, hayaƙin ya bi abinci. Allah ya kyauta.

Maganar magariba, Inna cewa take a lokacin ne masu abu ke wucewa, kar ka sari ɗan wani. Baffa kuma in ta juya baya sai ya ce fitilar aci-balbal ba ta nuna maka inda ƙafarka take. Ban taɓa tambayar malami ba. Ka kawo gatarin ranar Juma'a bayan masallaci in duba ƙotar tukuna, ina zargin gara ta ci ta.