Amsa kan Mercedes-Benz 190 SL mai buɗaɗɗen rufi

Malam, ka tambayi abin da za ka duba kafin ka biya kuɗin 190 SL. Fara da ƙarƙashinta, ƙyallin fenti ya jira. Daga 1955 zuwa 1963 guda 25,881 kawai aka ƙera, kuma tsatsa ce ta cinye da yawansu: ruwa kan bi ta yadin rufin ya kwanta a daɓen motar da ƙasan ƙofofi. Ɗaga kafet, ka sa a ɗora ta a kan lif.

Riƙe maganaɗisu ka bi jikinta. Inda ya ƙi kamawa, fila aka cusa, wato ƙullun da ake cike ramukan jikin mota da shi kafin fenti. Amma ƙofofi da bonet da murfin but na alminiyom ne, dama ba zai kama su ba, kada ka zargi mai motar a banza.

Injinta silinda 4 ne, lita 1.9, da kafireta biyu na Solex 44 PHH. In sandar maƙurarsu, wadda ke buɗe wa iska hanya in an taka totur, ta ci, iska na kutsawa, sai sulo ya riƙa hawa da sauka. Wasu kan maye gurbinsu da kafireta na kamfanin Weber. Motar tana tafiya lafiya da su, amma a wurin masu tarawa darajarta ta ragu, don haka ka nemi a haɗa maka da na asalin.

Lambar shasi ta mai rufin yadi tana farawa da 121.042.